Madubin Hangen Nesa Da Zai Yi Aiki A Fadamar Argungu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina magana da ku daga Ingila, a wani gandun tsuntsaye na ƙungiyar RSPB, wadda take aikin kare tsuntsaye tun 1889. Wasu matasa daga Argungu da Birnin Kebbi sun tambaye ni irin madubin hangen nesa da ya dace su saya domin kallon tsuntsaye, shi ya sa na zo nan, inda ake barin mutum ya fita da madubi bakin ruwa ya gwada kafin ya biya kuɗi.

Ku dubi lambobin da ke jikin wannan na hannuna: 8x42. Lamba ta farko tana nufin zalɓen da ke tsaye a nisan mita 80 zai bayyana kamar yana mita 10 daga gare ka, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma ta nan haske yake shiga. Idan ka raba 42 da 8 za ka sami 5 da 'yan kai, wato faɗin ɗigon hasken nan da kuke gani a gilashin baya da na nisanta madubin daga fuskata. Da rana tsaka wannan lissafi bai dami kowa ba, amma tsuntsaye sun fi motsi da sassafe da kuma gab da magariba, lokacin da ƙwayar ido take buɗewa tana neman haske, kuma a lokacin ne mai faɗin ɗigo yake nuna maka farar fuskar kirinjijiya sarai, mai ƙaramin ɗigo kuwa ya bar ka da inuwa kawai.

Na san zuciya tana karkata ga babbar lamba, musamman ga wanda ya san fadamar kogin Rima, inda ido yake tafiya mai nisa ba tare da wani abu ya tare shi ba, kuma garken dinya ba ya yarda a matso kusa da shi. Mai 10x42 yana da amfani a irin wannan fili, ba na musun haka. Sai dai madubi yana ƙara girman rawar hannu daidai da yadda yake ƙara girman tsuntsu, kuma yana rage faɗin abin da kake gani. Yawancin masu 8 suna nuna fili mai faɗin kimanin mita 130 a nisan mita 1,000, masu 10 kuwa ƙasa da haka. Wanda zai zauna cikin kwalekwale a Matan Fada, ruwa yana jijjiga shi, yana ƙoƙarin bin tsattsewa a sama, zai fi jin daɗin mai 8 nesa ba kusa ba, kuma shi nake ba duk mai farawa shawara ya ɗauka. Waɗanda ake tallarsu da jan gilashi da rubutu irin 60x60 kuwa, ku bar su inda kuka gan su.

Abin da masu saye a nan ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole mu damu, shi ne ƙura. Wasu ƙananan tsuntsayen da nake gani a wannan gandu da bazarar Turai su ne suke ƙetare Sahara su sauka a fadamun yankinmu da sanyi, wato lokacin kallo mafi albarka ya faɗo daidai da hazon hunturu. Saboda haka a nemi wanda aka rufe ruf, aka cika cikinsa da iskar naitirojin, domin rufin da ya hana ruwa shiga shi ne yake hana ƙura, yake kuma hana raɓa taruwa a ciki da damina, lokacin da shamuwa take dawowa. Idan ƙura ta kwanta a gilashin, a fara hure ta, sannan a shafa da tattausan ƙyallen da aka tanada. Gogewa da bakin riga tamkar sa wa gilashi yashi ne, kuma zanen da ya yi ba ya fita.

Madubai na kamfanoni irin su Swarovski da Zeiss da Leica sun yi fice, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗalibi, kuma matsakaita irin na Nikon ko Opticron sun wadatar. Kafin ka biya, rataya shi a wuya ka ji nauyinsa, domin gram 700 ba wasa ba ne bayan doguwar tafiya a kan kunyar shinkafa. Mai sa tabarau ya tabbata yana ganin da'irar filin da madubin yake nunawa gaba ɗaya ba tare da ya cire tabaransa ba. Sannan ka saita shi a kan wayar lantarki mai nisa, ka ɗan janye shi daga idanunka: idan wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, to ɓangarorin sun goce, kuma ciwon kai zai sa maka komai arharsa. Ku kuma ja kunnen yara kada su taɓa duban rana da shi, domin yana iya lalata ido nan take.