Haƙori Ya Yi Duhu Bayan An Cire Jijiya: Yadda Ake Dawo Da Farinsa

Idan haƙorin gaba ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa bayan an cire masa jijiya, aswaki da gawayi da man goge baki ba za su yi masa komai ba, domin dattin a ciki yake. Jinin da ya zuba lokacin da jijiyar ta mutu yana shiga ƙananan hanyoyin da ke jikin haƙorin, ƙarfen da ke cikin jinin ya rina shi. Ragowar jijiya da abin cikon da aka bari a saman ramin jijiyar su ma suna jawo hakan.

Don haka daga ciki ake gyaran, da dabarar zuba maganin da ke dawo da fari a cikin ramin haƙorin, wadda wani likitan haƙori mai suna Spasser ya bayyana tun 1961.

Likita zai fara ɗaukar hoton haƙorin. In cikon saiwar bai toshe da kyau ba, ko akwai ƙurji, sai an fara gyara wannan. Daga nan ya buɗe haƙorin ta baya, ya rage robar cikon har milimita 2 zuwa 3 ƙasa da wuyan haƙori, ya shimfiɗa simintin haƙori mai kaurin milimita 2 a kanta.

Wannan shimfiɗa ita ce mafi muhimmanci. In babu ita, maganin na iya tsiyaya zuwa dasashi, jiki ya fara cinye saiwar daga wuyanta, kuma sau da yawa ba a ganewa sai bayan shekaru. Haɗarin ya fi yawa idan aka yi amfani da haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 30 tare da zafi, ko kuma haƙorin ya taɓa buguwa.

Sai a kwaɓa garin maganin, wato sodiyam faboret, da ruwa, giram 2 ga mililita 1, a zuba cikin ramin, a rufe da cikon wucin gadi. Bayan kwana 3 zuwa 7 a duba launin, a sabunta maganin. Yawanci sau biyu zuwa huɗu ya isa. In cikon ya faɗi, a koma asibiti nan take.

Idan launin ya yi daidai da na maƙwabtansa, a jira sati ɗaya zuwa biyu kafin ciko na dindindin, saboda ragowar iskar oksijin da maganin ya saki tana hana shi kamawa. Duhun yakan ɗan dawo bayan wasu shekaru, kuma ana iya maimaitawa. Haƙorin da ya riga ya karye sosai kuwa, sanya masa hula ya fi dacewa.