Raw a Netflix: Roman ya karɓo abin wuyansa, The Rock ya rikita labari

Habu: Assalamu alaikum, masu sauraronmu, barkanku da sake kasancewa da mu. Tun wayewar garin Talata saƙonninku suke shigowa a kan Raw, shirin kokawa na kamfanin WWE, na ranar Litinin 6 ga Janairu, 2025, wanda shi ne na farko da aka nuna a Netflix daga zauren Intuit Dome da ke Inglewood a jihar Kalifoniya. Ina tare da Malama A'isha da ƙanena Nura, kuma dukkanmu mun kalli shirin daga farko har ƙarshe, duk da cewa a agogonmu ƙarfe biyu na dare aka fara shi.

A'isha: Barka da yamma, Malam Habu. Yawancin saƙonnin da na karanta tambaya ɗaya suke yi, wato ko shirin ya kai yadda aka yi ta zuzuta shi.

Habu: To, ni amsata ita ce an yi biki mai kyau, amma an tauye haƙƙin labari. Shirin da ya kai kusan awa uku, kokawa huɗu kacal aka yi a cikinsa, sauran lokacin duk ya tafi a jawabai da gaisuwar manyan baƙi. Na fahimci dalili, domin kamfanin da ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma ta kimanin dala biliyan 5 dole a yi masa tarba ta girma, kuma shirin da yake fitowa a talabijin tun Janairun 1993 ya cancanci a yi bikin ƙaurarsa. Amma mu da muke bin shirin mako bayan mako, labarin da aka daɗe ana ginawa muka zo gani.

Nura: Yaya Habu, ai an ba mu labarin. Karawar Roman Reigns da Solo Sikoa ita ce ta farko, kuma ni ban ga abin da ta rage ba.

Habu: Ita kanta karawar ban da ƙorafi a kanta, Nura, hasali ma ita ce ta fi burge ni a daren. Ka tuna yadda aka zo nan. Roman ya riƙe kambu kwana 1,316, Cody Rhodes ya karɓe shi a babban bikin kokawa na shekara, WrestleMania ta 40, a Filadelfiya cikin Afrilun 2024, sai Roman ya ɓace. Solo bai jira kowa ba, ya kori Jimmy Uso, wanda yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, daga Bloodline, ƙungiyar danginsu da Roman yake jagoranta, ya kawo Tama Tonga da Tonga Loa da Jacob Fatu, sannan ya rataya ula fala a wuyansa. Wannan jan abin wuya a al'adar mutanen Samoa shugabannin dangi ne suke sa shi a wurin taro, kuma wanda ya san martabar rawani a wurinmu zai gane nauyin abin da Solo ya yi, domin ya naɗa kansa ne alhali mai sarautar yana raye. Da Paul Heyman, mai ba Roman shawara, ya ƙi yi wa Solo mubaya'a a Madison Square Garden cikin watan Yuni, suka ɗaga tsohon nan suka maka shi a kan tebur. Saboda haka lokacin da aka kaɗa ƙararrawa ranar Litinin, wata tara na tarihi ne a bayan kowane naushi.

A'isha: Abin da ya ɗan dame ni shi ne yawan masu shiga tsakani. An ce faɗan mutum biyu ne a kan shugabancin dangi, sai ga Tama Tonga da Jacob Fatu, sai ga Sami Zayn da Jimmy sun zo ceto, sai ga Kevin Owens ya afka wa Roman, sai ga Cody ya fito ya kori Owens. Mai kallon da ya shigo a karon farko ta dalilin Netflix, yaya zai gane wane ne na wane?

Habu: Gaskiyarki, Malama, amma a wannan karon ina ganin kowa ya shigo da dalilinsa. Owens ya daɗe yana cewa Cody ya ci amanarsa tun da ya haɗa kai da Roman a bikin kokawa na Bad Blood cikin Oktoba, bayan duk azabar da Bloodline suka gana masa shekara da shekaru. Sami kuwa ya taɓa zama a cikin gidan, ya fita da ɓacin rai, ya dawo ɓangaren Roman a WarGames, karawar ƙungiyoyi biyu cikin keji. Ba wanda aka tsinto daga hanya. Inda na tsaya shi ne bayan Roman ya kammala da Solo, lokacin da The Rock ya fito ya ɗauki ula fala ya sa wa Roman da hannunsa, suka rungumi juna.

Nura: Ni kuwa wurin ya taɓa ni. Mahaifin Roman, Sika, ya rasu a watan Yunin 2024, ɗan'uwansa Afa ya bi shi a watan Agusta, su ne dattawan da suka rataya masa abin wuyan a 2020 bayan ya doke Jey Uso. Yanzu da ba sa nan, wa ya fi The Rock, wanda ake lissafa shi cikin danginsu, cancantar ya tsaya a matsayinsu?

Habu: Da a ce The Rock ɗin da muka sani kafin 2024 ne, da na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma mutumin da muke magana a kansa shi ne wanda ya kira kansa Final Boss, wanda ya ja Cody zuwa wurin ajiye motoci a Chicago cikin watan Maris, ana ruwan sama, ya fasa masa goshi, ya shafa jininsa a jikin bel ɗin da ya rubuta sunan mahaifiyar Cody a kai. Shi ne ya kayar da Cody a daren farko na WrestleMania, sannan a Raw ta bayan bikin ya gaya masa cewa tsakaninsu ba a gama ba. A Bad Blood ya sake fitowa a ƙarshen shiri, bai ce uffan ba, ya ƙirga uku da yatsunsa yana kallon Cody da Roman. Wata uku muna ta muhawara a kan ma'anar wannan ƙirgen. Sai ga shi ranar Litinin ya fito da fara'a, yana gode wa shugabannin Netflix, yana yabon Cody, har ya je ya rungume shi a bakin dandali. Ina ƙiyayyar ta tafi? Wa ya sasanta su, kuma yaushe?

A'isha: Ina ganin matsalar ita ce matsayinsa biyu ne. Tun Janairun 2024 yana cikin majalisar daraktocin TKO, kamfanin da ya mallaki WWE, kuma a daren nan darakta ne ya yi magana, ɗan kokawar bai zo ba.

Habu: Daidai, kuma shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Mai kallo ya san an tsara sakamako tun kafin a hau dandali, ba wanda ake yaudara a yau. Abin da yake ba da lokacinsa dominsa shi ne alkawarin cewa abin da ya faru makon jiya yana da tasiri a wannan makon. Idan babban tauraro zai iya ajiye halinsa saboda akwai manyan baƙi a zaure, to an gaya wa mai kallo cewa jinin Cody na Chicago bai da wani muhimmanci.

Nura: Tun da ana maganar manyan baƙi, ba za mu wuce Hulk Hogan ba. Ban taɓa zaton zan ga ranar da za a yi masa eho haka ba.

Habu: Ya fito tare da tsohon manajansa Jimmy Hart, wanda yake kaɗa tuta, ya zo tallar giyarsa, zauren kuwa ya ƙi saurarensa. Ga waɗanda suka taso a zamanin kaset ɗin bidiyo abin da nauyi, domin a gidajen kallo na wancan lokaci in an ce reslin, to Hogan ake nufi. Kaset ɗin WrestleMania ta 3 ta 1987, inda ya ɗaga André the Giant ya maka shi da ƙasa a Pontiac Silverdome, yara sun haddace shi har da yadda yake yaga riga da yadda yake kara hannu a kunne.

Nura: Da kuma yadda yake girgiza kai idan ana dukansa, yana nuna mutum da yatsa.

A'isha: Yayyena har faɗa suke yi a kan wanda zai zama Hogan da wanda zai zama Ultimate Warrior, kuma kullum ƙaramin ne ake tilasta wa ya zama alƙalin wasa.

Habu: Warrior ɗin ma ai shi ya kayar da Hogan a Toronto a 1990, kuma har yau akwai masu cewa ba su yafe ba. Bayan shekara ɗaya Undertaker ya karɓe kambu a hannun Hogan a Survivor Series ta 1991, da taimakon Ric Flair da ya tura kujera cikin dandali.

Nura: Undertaker ɗin da ya fito a kan babur ranar Litinin, aka yi masa tafi kamar zauren zai tsage.

Habu: Ka ga bambancin ke nan. Mutanen zauren ba su manta kalaman wariyar launin fata da aka ji daga bakin Hogan ba, waɗanda suka sa WWE ta raba gari da shi a 2015, kuma shigarsa siyasa a 2024 ta ƙara raba kan masoyansa.

A'isha: Malam Habu, ka ambaci Undertaker, ka bar wadda ya fito dominta. Rhea Ripley ta karɓo kambunta daga Liv Morgan, kuma a ganina wannan ne labarin da aka rufe da kyau a daren. Ta ajiye kambun a Afrilun 2024 saboda raunin kafaɗa ba tare da an kayar da ita ba, Liv ta ci shi a Jidda a hannun Becky Lynch, sannan Dominik Mysterio, saurayin Rhea a labarin, ya juya mata baya a bikin SummerSlam. Ranar Litinin, bayan ta yi nasara, Dominik ya shigo yana buɗe hannu wai a rungume shi, ta ba shi amsar da ta dace da shi. Babu baƙon da ya zo ya canza ma'anar abin.

Habu: Na amince, kuma da an bar na Roman ya ƙare haka, da ba mu shafe rabin shirin nan a kan The Rock ba. Mai kula da na'ura yana yi mini alama cewa lokaci ya ƙure, ga shi ba mu taɓa babbar karawar daren ba.

Nura: CM Punk ya doke Seth Rollins, Yaya, bayan gabar da ta fito fili tun dawowar Punk a Chicago cikin Nuwamban 2023. Jey Uso ma ya kayar da Drew McIntyre, John Cena kuma ya ce zai shiga gasar Royal Rumble ranar 1 ga Fabrairu a Indianapolis, yana neman kambu na 17 a shekararsa ta ƙarshe.

A'isha: Ga kuma alfarmar da Heyman ya yi wa Punk alkawari kafin WarGames, wadda har zuwa wannan daren ba a faɗi ko mece ce ba.

Habu: Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, da ita za mu buɗe. Ku ci gaba da turo saƙonninku. Mu kwana lafiya.