Jawabin maraba ga Mai girma Minista a ziyararsa cibiyarmu ta binciken tattalin arzikin kifi da albarkatun teku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, manyan jami'an da suka rufa maka baya, shugabannin masunta da na mata masu bandar kifi, abokan aikina, ɗalibai da sauran jama'a. A madadin ma'aikatan wannan cibiya ina yi maka lale marhabin, sannu da hanya. Mun san irin takardun da ke jibge a teburinka, amma ka ajiye su ka tako da ƙafarka. Rahotanninmu suna isa gare ka, to amma gani ya kori ji.

Ranka ya daɗe, mutane kan tambaye mu me ya haɗa masanin tattalin arziki da taru. Tun 1954 wani masani ɗan Kanada, H. Scott Gordon, ya bayyana halin ruwan da ba shi da mai shi. Masunci ya san ƙaramin kifin da ya saki yau domin ya girma, wani ne zai kwashe shi gobe, don haka ba zai saki ba. Muddin da sauran riba, sababbin jirage za su yi ta shigowa har ribar ta ƙare, kifi ya ja baya, kowa ya tashi da bashin mai da na injin. Ƙasar shi Gordon ɗin ma ba ta tsira ba. A watan Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta rufe kamun kifin kod a gaɓar Newfoundland, ruwan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana cin arzikinsa, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba aiki. Sai a 2024 aka sake buɗe shi, shi ma da ɗan ƙaramin kaso.

Alƙaluman hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa a 1974 kashi 10 cikin ɗari ne na garkunan kifin teku ake kamawa fiye da yadda suke hayayyafa. A 2021 abin ya kai kashi 37.7. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2017 cewa wannan ɓarna tana jawo asarar dala biliyan 83 duk shekara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da kuɗin gwamnatoci ake ƙara wutar. Farfesa Rashid Sumaila na Jami'ar British Columbia da abokan aikinsa sun lissafa tallafin da ƙasashe suka bai wa kamun kifi a 2018, ya kai dala biliyan 35, kuma biliyan 22 daga ciki ya tafi ne wajen ƙara wa jirage ƙarfin kwasa, musamman ta hanyar rangwamen mai. Irin wannan bincike ne ya taimaka har Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta cim ma yarjejeniyar taƙaita tallafin a 2022.

Waɗannan manyan lambobi daga hannun ƙananan ma'aikata suke fitowa, kuma su nake so ka gani yau. Mai tattara bayanai yakan riga kwale-kwale isa bakin ruwa da asuba, da sikelinsa da allon awo da littafi. Zai auna tsawon kifi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta irinsa, faɗin idon tarun da aka kama shi da shi, awa nawa aka yi a ruwa, man da aka ƙona. A ɗakin gwaji za a nuna maka wani ɗan ƙashi da ake cirowa daga kan kifi, bai kai farce ba. Idan aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga zobe-zobe kamar na kututturen itace, da su ake gane shekarun kifin. Idan shekara bayan shekara manyan suna ɓacewa daga kamu, sai ƙanana da ba su taɓa yin ƙwai ba, to mun san inda aka dosa tun kafin masunci ya dawo da taru wayam. Amma fa sai an jera shekaru ana awon ba yankewa. Shekara guda da aka tsallake saboda kuɗi ba su fito ba, babu wanda zai iya komawa ya auna ta.

Shi ya sa kokenmu na farko ke nan: a sanya kuɗin tattara bayanai cikin kasafi na dindindin, kada ya dogara da ranar da wani mai ba da tallafi ya tuna da mu.

Akwai kuma waɗanda littattafan gwamnatoci kan manta da su. Binciken da FAO ta fitar tare da abokan hulɗarta a 2023 ya nuna ƙananan masunta ne ke kawo aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kifin da ake kamawa a duniya. Matan da ke gyarawa, su busar, su kai kasuwa, sau da yawa ko sunansu ba ya cikin rajista. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ranar rabon rance ko hana kamun kifi na wani lokaci, ba a sa shi a lissafi. Muna roƙon a yi musu rajista, a kuma zauna da su kafin a yanke dokar da za ta taɓa abincin 'ya'yansu. Haka nan duk lokacin da za a ba manyan jirage lasisi, a tambaye mu tukuna ko ruwan zai iya ɗauka. Amsarmu ba kullum za ta yi daɗin ji ba, amma za mu kawo ta da hujja.

Ranka ya daɗe, daga nan za mu zaga da kai ɗakin gwaji, sannan shugabannin masunta su yi magana da bakinsu. Allah ya saka da alheri, ya yi riƙo da hannunka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum.