Ƙusar da ke jiran mai gudu kowace asuba

An kira sallar asuba. Ka sauko da ƙafa daga gado za ka je alwala, diddigenka na taɓa ƙasa sai ka ji kamar ka taka ƙusa. Ka ɗaga ƙafar ka duba, babu rauni, babu kumburi, ko faso babu. Haka ka ɗingisa har wajen buta. Kafin ka dawo daga masallaci abin ya lafa, har ka ɗaura takalmi ka fita gudunka. Washegari da asuba, ƙusar tana nan inda ka bar ta.

Likitoci suna ce wa wannan ciwo filanta fashiyaitis, kuma yana cikin waɗanda suka fi addabar masu gudun dogon zango, musamman irinmu da ke yi don lafiya da sha'awa.

 Ƙasusuwa 26 ne a ƙafar mutum, an jera su sun yi lanƙwasa kamar baka. A ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, ta taso daga ƙashin diddige ta je gindin yatsu. Ita ce tsirkiyar bakan. Duk takun da ka yi, bakan yana ɗan buɗewa, tsirkiyar ta riƙe shi. A gudu, nauyin da ke sauka a ƙafa ɗaya yakan kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinka, kuma mai sassarfa yana yin taku kusan 1,000 a kilomita guda. Inda tsirkiyar ta kama ƙashin diddige, ta gefen ciki, nan ne take fara gajiya. Danna wurin da babban yatsanka, za ka gane.

To me ya sa sai da asuba? Kana barci ƙafar tana saki, yatsu na kallon ƙasa, jijiyar ta kwana a takure. Takun farko sai ya fizge ta lokaci guda. Haka ma idan ka daɗe zaune a ofis ko a mota ka miƙe.

An daɗe ana ɗaukar abin kumburi ne. A 2003 wani likitan ƙafa a Amurka, Harvey Lemont, ya duba naman da aka ciro wajen tiyatar irin wannan ciwo har guda 50. Bai ga alamar kumburi ba, zaren jijiyar ya gani ya saki ya lalace, kamar igiyar guga da ta sha ja. Wannan ya sa ƙwayar da kake saye a kemis, diklofenak ko ibufurofen, take rufe wa ciwon baki na 'yan awoyi amma ba ta ɗinke komai. Kuma don Allah a daina shan su a fita gudu cikin zafin nan namu. Ga gumi, ga ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda da ciki ne ke biyan bashin.

Yawanci abin da ke jawo shi canji ne na farat ɗaya. Mutum ya saba kilomita 15 a mako, sai ya ji gudun famfalaki na Legas ya matso, kilomita 42 a watan Fabrairu, ya wayi gari yana yin 40. Ko ya ajiye gudu duk watan azumi, bayan salla ya koma daidai inda ya tsaya. Sai kuma takalmi. Na gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, mu kuwa gwanjo muke saye: sama fes, an wanke an goge, amma soson ƙasan wani ya riga ya cinye shi a Turai.

Yanzu ga inda ciwon ke zama ɗan gida. Ka gaji, ka ce bari in huta. Mako biyu babu gudu, ƙusar ta ɓace, ka yi hamdala, ka koma kilomita 10 ranar farko. Kwana uku ta dawo. Hutun ya kwantar da zafin, amma bai ƙara wa jijiyar ƙarfin ɗaukar kaya ba. Wasu suna shekara a wannan zagaye, suna cewa ƙafar ce ba ta jin magani.

Abin yi shi ne a rage kayan, sannan a koya wa jijiyar ɗaukarsa. Rage tsawon gudunka, bar hawan tudu da gudun tsere, cike gurbin da keke. Alƙalinka kuwa takun farko na asuba. Ba shi maki daga 0 zuwa 10, ka rubuta kullum. Idan jiya ka yi gudu yau makin bai tashi ba, ƙafar ta amince. Idan ya tashi, ka zarce, koma baya kaɗan. Kada ka yarda da yadda kake ji a tsakiyar gudu, jiki ya ɗumama, ƙarya yake maka.

Kafin ka taka ƙasa da safe, zauna a bakin gado, ɗora ƙafar kan gwiwar ɗayar, kama yatsun ka ja su baya har ka ji tsirkiyar ta ɗame. Daƙiƙa 10, sau 10. Sannan ka zura takalmi mai taushi, ba silifas ɗin banɗaki da ya zama kamar takarda ba.

Babban aikin shi ne ɗaga diddige da sauke shi a bakin matakala. A Denmak, Michael Rathleff da abokan aikinsa sun gwada shi kan masu wannan ciwo 48, aka buga sakamakon a 2015. Ka tsaya da ƙafa ɗaya a bakin matakala, diddige a waje, ka naɗe tawul ka sa ƙarƙashin yatsu don su ɗago sama. Tashi a hankali daƙiƙa 3, tsaya 2, sauka daƙiƙa 3. Sau 12, zagaye 3, yau a yi gobe a huta. Tawul ɗin ba ado ba ne, ɗago yatsun ne ke ɗame tsirkiyar har aikin ya same ta. In ƙafa ɗaya ta gagara, fara da biyu. In ya yi sauƙi, goya jaka da littattafai a ciki. Bayan wata 3, waɗanda suka yi wannan sun fi masu miƙa jijiya kawai samun sauƙi. A wata 12 kuwa ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Ke nan yana gaggauta sauƙi ne, amma lissafin na watanni ne, kuma mafi yawan mutane suna warkewa cikin shekara ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

Idan an yi maka hoto aka ga ɗan tsinin ƙashi a diddige, kada hankalinka ya tashi, mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai. Allurar da ake yi a diddige tana ba da sauƙi na 'yan makonni, amma maimaita ta na iya tsinka jijiyar ko ya zaftare kitsen da ke kare ƙashin. Tsaga da sakiya kuwa rauni kawai za su ƙara maka a inda kake takawa.

Sai dai ba kowane ciwon ƙafa ne wannan ba. Idan zafin a bayan ƙafa yake, kan ƙashi, wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa, ga ɗan kumburi, kuma yana ƙaruwa ne kana cikin gudu maimakon ya lafa, ƙila ƙashin ne ya tsage saboda gajiya, kuma hoton farko sau da yawa ba ya nunawa sai bayan mako 2 ko 3. Ajiye gudun gaba ɗaya ka ga likitan ƙashi. Haka idan ka ji wani abu ya yi ɓas a tafin ƙafa ka kasa takawa, ko ciwon na tashinka cikin dare. Mai ciwon suga da ya fara jin ƙafarsa na dindiris ko zugi kamar ana tsira masa allura, shi kam yau ɗin nan zai je asibiti.