Inshorar Lafiya da Aljihun Talaka: Laccar da Aka Gabatar a Zariya

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan dokar NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga inshorar lafiya. A shekarar ce kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban. To, da me za su biya?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da sauƙi. Daga albashi ake lissafa kuɗinsa, tsarin ya ɗauke shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sai ya biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Ko shi, in mata biyu gare shi da 'ya'ya tara, sauran sai ya yi musu biya daban.

Mai tireda a Sabon Gari da manomi a Dakace kuwa, kan kowane mutum ake biya. Mu ƙaddara naira 15,000 ce a shekara. Gida mai mutum tara ya tashi 135,000, kusan albashin wata biyu na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, 70,000. Kuma a dunƙule ake so. A nan gizo ke saƙa: manomi yana da kuɗi da kaka, da damina kuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, komai ya tafi taki. Saboda haka a karɓi kuɗin bayan girbi, 'yan kasuwa da masu Keke Napep su riƙa zubi ta ƙungiyoyinsu kamar adashe.

Wanda ko zubin ba zai iya ba, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma a nan jihar Kaduna hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ce ke yi wa marasa ƙarfi rajista. Ku je asibitin mazaɓarku da lambar NIN ku tambaya.

Sai ku kula da abu biyu. Kada ku wuce kai tsaye babban asibitin Gambo Sawaba ko asibitin koyarwa na Shika ba tare da takardar turawa daga asibitin da kuka yi rajista ba, in ba larurar gaggawa ba ce, don za a iya cewa ku biya daga aljihu. Sannan duk wata ake tura wa ƙaramin asibiti kuɗi bisa yawan waɗanda suka zaɓe shi. In kuɗin ya makara magani ya yanke, sai a rubuta muku ku saya a kemis. Ku riƙe rasit, ku kai ƙorafi hukumar inshorar a rubuce.