A tambayi mai siminti kafin a sa hannu

Assalamu alaikum. Iyayena, alhazai ƴan kasuwa, malamai injiniyoyi, barkanku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Kun san yadda aikin gwamnati yake tafiya. Ofis ya zana gini, ya yi lissafin kuɗi, ya kira ƴan kwangila, a buɗe ambulan, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙi. Mai siminti da mai rodi da mai kamyo ba sa jin labari sai an riga an sa hannu. A nan nake ganin muke yin asara.

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana. Wata shekara an ba mu duba ginin azuzuwa uku a wani ƙauye kudu da nan. Takarda ta ce a fara aiki a watan Yuli. Muka je wurin wani dattijon direba mai ɗauko yashi, ya saurare mu har muka gama, ya gyara hularsa ya ce: "Yaro, a Yuli gulbi ya kawo, ina za ka ga yashi? Hanyar garin nan ko amalanke da ƙyar take bi. Da kun tambaye ni, da tun Afrilu mun tara muku." Haka kuwa aka yi. Siminti ya kwana a ɗaki har wasu buhunan suka daskare, ɗan kwangila ya shiga bashi, yara suka sake shekara a rumfar zana. Wallahi har yau abin yana damuna, don maganar minti biyar ce ta isa ta hana wannan.

Ku tuna 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe iyakoki, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta tsaya, kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka maƙale. Wane ne ya fara sanin farashin rodi zai tashi? Ɗan kasuwa. Shi ya san abin da ke cikin sito, ya san kwana nawa mota take yi daga masana'antar siminti ta Malbaza, ta bi Madawa da Gidan Rumji kafin ta sauke siminti a nan. Takardar ofis kuwa tana nan da tsohon farashi.

Tuntuɓar ƴan kasuwa da ƴan kwangila tun kafin a fitar da aiki ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila, tun farkon shekarun 2000 hukumar manyan hanyoyi take shigo da ɗan kwangila tun ana zane. Tarayyar Turai ma, a dokarta ta 2014, ta yarda hukuma ta tuntuɓi ƴan kasuwa kafin ta fitar da aiki, muddin ba a fifita wani ba.

Na ga wasu suna girgiza kai, kuma na san dalili. Za ku ce ai wannan ƙofar haɗa baki ce. Tsoronku yana kan hanya. In shugaban ofis ya kira alhaji ɗaya cikin dare suka tsara takarda daidai da kayan shagonsa, wannan cuta ce, haram ce. Abin da nake kira a yi daban yake. A sanar a rediyo, da Hausa, kowa ya zo, babba da ƙarami, har mai buga bulo. A zauna a fili. A rubuta duk abin da aka tambaya da amsar da aka bayar, a liƙa, wanda bai samu zuwa ba shi ma ya gani. Bayan nan a koma gasa yadda doka ta ce, ba a yi wa kowa alkawari ba.

Ku ma alhazai da nauyi a kanku. In an tambaye ku kaurin rodin da ake samu, ku faɗi na gaskiya, kada a ce mai lamba 12 ne alhali bai kai ba. In abu sai an yi odarsa wata biyu, ku faɗa tun a zauren.

Alhaji, na ga hannunka tun ɗazu. A miƙa masa makirfo.