Kuɗin kan sarki a cinikin gona: jiha ake biya ko tarayya?

Jama'a assalamu alaikum. Toh yau maganar takardar gona zamu yi, wacce ake rubutawa a zauren mai unguwa in an gama ciniki, a yago falle ɗaya daga littafin ɗan makaranta, a rubuta gabas tayi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, shaidu su dangwala yatsa, a ba dillali la'adarsa a raba goro kowa ya kama gabansa. Takardar nan tana da amfaninta, amma a wajen hukuma da sauran abu ɗaya, shine kuɗin kan sarki, wanda 'yan ofishin haraji suke ce ma sitam duti.

Tsofaffinmu sun san shi, da can ainihin kan sarkin gidan waya ake mannawa jikin yarjejeniya a sa hannu a kai, dokar ma asalinta tun 1939 ne zamanin Turawa. Naira 50 ɗin nan da banki ke yanka in an tura dubu 10 zuwa sama, kusan ɗan uwansa ne.

Inda mutane suke ruɗewa shine wa ake ba kuɗin. Kowa ɗauka yake tunda gonar a Jigawa take ai kuɗin na Jigawa ne. A'a. Doka ba ruwanta da inda gonar take, su waye suka sa hannu shi take dubawa. In kai da maƙocinka ne a Ringim ko Gumel, mutum da mutum, hukumar tara haraji ta jiha ce zata karɓa, in a Kano ne KIRS. Amma da zarar kamfani ya shigo cinikin, misali masu casar shinkafa sun zo neman fadama wajen Hadeja, toh kuɗin ya koma na tarayya ko da gonar a bayan gidanku take. A da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ke karɓa, sai Tinubu ya sa hannu kan sabbin dokokin haraji a Yunin 2025 aka mayar da ita NRS daga Janairun 2026.

Kuma ba tsayayyen kuɗi bane, gwargwadon kuɗin gona ake yankawa. A lissafin tarayya kashi 1.5 ne cikin 100, kaga fadamar miliyan 20 dubu 300 kenan, kuma mai saye ne yake biya, cikin kwana 30 da sa hannu, in ya wuce tara ta hau. Anan ne wasu ke dabarar rage kuɗi a takarda, an sayi gona da tsada a rubuta rabi. Ni dai wallahi bana ba mutum wannan shawarar, don ranar da magada suka taso aka warware ciniki, abin da takarda ta faɗa shi zaka riƙe a hannu, sauran kuma sai rantse-rantse.

Kar kuma kace na biya kan sarki shikenan gona ta zama tawa. Dokar filaye ta 1978, ta lokacin Obasanjo yana soja, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna amana, shi yasa fili mai satifiket ɗin mallaka baya canja hannu sai da amincewarsa, gonakin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke bada shaidar mallaka ta gargajiya. Ita kanta gwamnatin tarayya in tana son fili, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure, ta hannun gwamna take bi, ya soke mallaka a biya diyyar shuka da gini.

Toh in baka biya ba fa? Ba wanda zai zo ya kore ka daga gona, zaka yi ta nomanka shekara da shekaru. Sai ranar da rigima ta kai babbar kotu, lauya ya miƙa takardarka aka duba ba hatimi, ace a je a biya kuɗin da tarar da ta taru a kai tukunna, shi kuma abokin shari'arka yana zaune da tasa takardar a leda.